Darasin Sana'ar Hannu: Yadda Ake Ƙawata Teburin Biki Da Ribom

 

Idan aka kawar da amfanin gona, sai bukukuwa su kankama. Wannan gida ana suna, wancan ana ɗaurin aure, wani kuma yaronsa ya sauke Alƙur'ani za a yi walima. A irin waɗannan taruka yanzu har a ƙauye akan fito da tebur. A kansa ake ajiye goro da dabino da alawa, ko kyaututtukan amarya, ko allon mai sauka. Duk wanda ya shigo, teburin nan zai fara gani.

A birni masu hali sukan ɗauko masu yin kwalliya su biya su kuɗi mai yawa. Wasu mutanen karkara kuwa da sun ga haka sai su ce su ma sai sun yi. A buɗe rumbu a sayar da hatsi, ko a kai akuya kasuwa, ko a ci bashi. Biki ya watse a yini ɗaya, bashi kuwa ya kai har damina ana binsa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Darasinmu na wannan wata zai nuna muku yadda za ku ƙawata teburin bikinku da hannunku. Ba a buƙatar keken ɗinki. Abin da ake buƙata shi ne ribom, da allura da zare, da ɗan lissafin da kuka koya a ajin yaƙi da jahilci. Ku riƙe wannan ƙa'ida tun daga farko: a auna, a rubuta, a lissafa, sannan a tafi kasuwa. Wanda ya bi wannan tsari ba zai sayi abin da ya wuce buƙatarsa ba.

Mene Ne Ribom?

Mata sun san ribom na ɗaure gashi. Wanda muke magana a kansa ɗan'uwansa ne. Tsiri ne na yadi, dogo, mai santsi da sheƙi, wanda ake naɗewa a jikin kwali ko roba. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan teloli, wato masu zare da allura da maɓalli da zif. A ranar kasuwa ku tambayi telan garinku, zai nuna muku inda yake saye.

Akwai siriri mai faɗin rabin inci, akwai mai inci 1, akwai mai inci 1 da rabi, akwai mai inci 2. A wannan darasi mai faɗin inci 1 da rabi za mu yi aiki da shi, domin shi ne ya fi daɗin sarrafawa ga mai koyo.

Yawancin ribom na kasuwa ba da auduga ake yinsa ba. Da zaren roba ake saƙa shi. Saboda haka ba ya shan ruwa sosai, kuma yana saurin bushewa. Amma ba ya shiri da wuta. Da ya ji zafi sai ya narke. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa a gaba.

Wanda bai sami ribom ba kada ya ce darasin ya wuce shi. Ƙyallayen da suka rage wurin tela, na atamfa ko shadda ko leshi, ana yanka su tsiri-tsiri a yi aiki da su. Sai dai a ninke bakinsu a ɗinke, don kada su zare.

Kayan Aiki

1. Ribom launi biyu
2. Farin yadi, ko zane mai tsabta na rufe tebur
3. Almakashi mai kaifi
4. Allura da zare mai ƙarfi
5. Tef ɗin awo irin na tela
6. Fil mai kulle guda 12
7. Maɓallai guda 6
8. Gwangwani wanda babu komai a ciki, da yashi mai tsabta
9. Tsinke mai ƙarfi irin na tsire, ko sillen kara, guda 3
10. Gam, ko ƙaro
11. Kyandir da ashana
12. Littafi da fensir

Idan babu gam, a sami ƙaro irin wanda almajirai ke sa wa tawada. A jiƙa shi a ruwa kaɗan ya kwana. Da safe zai narke ya yi danƙo. Yana kama takarda da kwali sosai. Amma ga yadi da ribom, ɗinki ya fi shi ƙarko.

Zaɓen Launi

Launi biyu sun isa. Idan suka wuce uku, sai teburin ya rikice, ido ya rasa inda zai tsaya. Fari yana tafiya da kowane launi. Kore da fari sun dace da walimar sauka. Ruwan hoda da fari, ko shuɗi da fari, sun dace da suna. A bikin aure kuwa a duba launin ankon da aka fitar, a ɗauki guda daga cikinsa. In za ku kasuwa ku tafi da ɗan ƙyallen ankon, ku kara shi da ribom ɗin a hasken rana. Launi yakan yaudari ido a cikin rumfa mai duhu.

Wani ribom ɗin yana zuba, musamman ja da baƙi da shuɗi mai duhu. Ga yadda ake gane shi. A yanki ɗan guntu, a jiƙa shi, a matse shi cikin farin ƙyalle. Idan launi ya fito a jikin ƙyallen, to, yana zuba. Irin wannan kada a haɗa shi da farin yadi wurin wanki, kuma kada a bari ruwa ya taɓa shi yana kan tebur.

Mataki Na Ɗaya: Awo

Tef ɗin tela yana da fuska biyu. Fuska ɗaya inci ce, ɗaya kuma santimita. Lambobin inci sun fi tazara a tsakaninsu. Da su za mu yi aiki. Yawanci tsawon tef ɗin inci 60 ne.

Ku haddace waɗannan:

Yadi 1 inci 36 ne.
Rabin yadi inci 18 ne.
Kwatan yadi inci 9 ne.

Iyayenmu da kamu da taƙi suke awo. Kamun babban mutum ya kusa rabin yadi. Amma hannun wani ya fi na wani tsawo, shi ya sa tef ya fi tabbas. Wanda ba shi da tef ya zagaya bakin teburin da igiya, ya ƙulla alama inda ta haɗu, ya kai wa tela ya auna masa.

Bari mu ɗauki misalin tebur mai tsawon inci 48 da faɗin inci 24. Tebur yana da gefe huɗu, biyu dogaye, biyu gajeru. Sai mu tara su:

48 + 48 + 24 + 24 = 144

Zagayen teburin inci 144 ke nan. Idan muka raba 144 gida 36, za mu sami 4. Wato zagayen teburin yadi 4 ne. Ku rubuta wannan a littafinku. Teburinku zai iya fin wannan girma ko ya gaza, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Mataki Na Biyu: Mayafin Tebur

Kafin kwalliya sai an rufe tebur. A wanke shi, a goge, a duba ko akwai ƙusa da ta fito a buge ta. Idan yana rawa, a sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza.

Mayafin ya kamata ya sauko inci 8 a kowane gefe. To, sai mu ƙara 16 a tsawo, mu ƙara 16 a faɗi.

48 + 16 = 64
24 + 16 = 40

Muna buƙatar yadi mai tsawon inci 64 da faɗin inci 40. Yadi 2 inci 72 ne, saboda haka ya isa har da rarar da za a ninke baki. Ku sa mai shago ya auna muku faɗin yadin a gabanku, kada ya gaza inci 42. Idan akwai zane mai tsabta a gida wanda ba shi da zane-zane da yawa, ba sai an sayi sabo ba. A wanke shi, a sa masa sitaci, a goge.

Mataki Na Uku: Yankan Ribom

Ribom yana zarewa daga inda aka yanka shi. Akwai dabara biyu ta hana wannan.

Ta farko, kada a yanka shi a miƙe. A yanka a karkace. Ko kuma a ninka bakinsa biyu a tsaye, a yanka a karkace, in an buɗe sai ya fito kamar wutsiyar kifi.

Ta biyu, a kunna kyandir, a kusantar da bakin ribom ɗin gefen harshen wutar, a janye da sauri. Bakin zai ɗan narke ya ƙame, ba zai ƙara zarewa ba. Kada a tura shi cikin wutar, zai yi baƙi ya murɗe. Kada a taɓa wurin da yatsa sai ya huce. Babban mutum ne zai yi wannan aiki, da kwanon ruwa a kusa da shi. Ƙyallen atamfa da shadda ba a yi musu haka, domin auduga ba ta narkewa, kamawa take yi da wuta.

Mataki Na Huɗu: Lanƙwasar Bakin Tebur

Wannan ita ce kwalliyar da ke zagaye teburin tana lilo kamar jinjirin wata.

A shimfiɗa mayafin. A fara daga kusurwa ɗaya, a riƙa auna inci 12 ana sa alama da fensir a bakin teburin. Teburinmu zai ba da alama 12: huɗu a kusurwoyi, uku-uku a dogayen gefe, ɗaya-ɗaya a gajeru.

Sai a ɗauko ribom, shi kuma a sa masa alama duk bayan inci 18. A kama alamar farko ta ribom da alamar farko ta mayafi da fil mai kulle. A kama ta biyu da ta biyu. Haka za a yi ta yi har a zagayo. Da yake tsakanin alamomin ribom ya fi na mayafi tsawo da inci 6, sai ribom ɗin ya sauko ya lanƙwasa da kansa. Lanƙwasar duk za ta zo daidai, babu babba babu ƙarama. Amfanin awo ke nan.

Ribom nawa za a ci? Lanƙwasa 12, kowace inci 18.

12 x 18 = 216

Inci 216 yadi 6 ne. Idan teburin zai jingina da bango, ba sai an yi wa bayansa ba. An sami ragin lanƙwasa 4, wato yadi 2.

Mataki Na Biyar: Furen Ribom

Wannan shi ne zuciyar darasin. Wanda ya iya shi ya iya rabin sana'ar. Ku bi shi sannu a hankali.

1. A yanki ribom inci 18, wato rabin yadi. A ƙone bakinsa biyu kamar yadda muka faɗa.
2. A zura zare a allura, a ninka shi biyu, a ƙulla ƙarshensa ƙulli mai kauri.
3. A fara ɗinki daga baki ɗaya, a bi gefe guda na ribom ɗin a tsawonsa. Allura ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, ana barin tazarar da ba ta wuce ƙwayar masara ba. Kada a yi ɗinkin komawa baya. In aka yi shi, zaren ba zai jawu ba.
4. In an kai ƙarshe, kada a yanke zaren. A riƙe ribom da hannun hagu, a ja zaren a hankali da hannun dama. Ribom ɗin zai tattare, irin tattarar da tela ke yi wa rigar yarinya.
5. A ci gaba da ja har bakin farko ya zagayo ya haɗu da na ƙarshe. Yanzu ya zama da'ira, da ɗan rami a tsakiya.
6. A ɗora baki ɗaya kan ɗaya, a ɗinke su tare ta baya, a ƙulle zaren sosai.
7. A baje tattarar da yatsa don ta rarrabu daidai. A ɗora maɓalli a tsakiya ya rufe ramin, a ɗinke shi da kyau.

Fure ya samu. Faɗinsa zai ɗan wuce inci 3.

Mai son fure mai hawa biyu ya yi wani ƙarami da siririn ribom na ɗaya launin, mai tsawon inci 12. Ya ɗora ƙaramin a kan babban kafin ya sa maɓalli.

Ga matsaloli uku da sukan sami mai koyo. Idan zare ya tsinke wurin ja, to, ba a ninka shi ba, ko an fizga da ƙarfi. Idan furen ya ƙi kwanciya ya yi kamar mazurari, ribom ɗin ya yi gajarta, a ƙara masa tsawo. Idan ramin tsakiya ya yi faɗi, ba a ja zaren ya ƙare ba, ko ɗinkin ya yi ƙanana da yawa. Na farko ba ya yin kyau ga kowa. Ku fara gwadawa da tsohon ƙyalle sau biyu ko uku kafin ku taɓa ribom ɗin da kuka saya.

Muna buƙatar fure 6. Uku za a maƙala a alamomi uku na gaban teburin su rufe fil. Uku kuma na cikin gwangwani ne. Fure 6, kowane rabin yadi, yadi 3 ke nan.

Mataki Na Shida: Ɗaurin Kusurwa

Kowace kusurwa za a yi mata ɗauri mai kama da malam-buɗe-littafi.

A yanki ribom inci 27. A nemi tsakiyarsa. A yi kunne ɗaya a dama, kunne ɗaya a hagu, kamar kunnuwan zomo. A gitta na dama a kan na hagu, a zura shi ta ƙasa cikin ramin da ya samu, a ja kunnuwan biyu lokaci guda. A gyara su su zama daidai, wutsiyoyi biyu su sauko ƙasa. A soka allura a tsakiyar ƙullin sau biyu ko uku don kada ya kwance. Sai a maƙala shi a kusurwa da fil ɗin da ke wurin.

Kusurwa 4, kowace inci 27.

4 x 27 = 108

Inci 108 yadi 3 ne.

Mataki Na Bakwai: Gwangwanin Fure

Wannan shi ne abin da zai zauna a tsakiyar tebur. A sami gwangwanin madarar gari ko na tumatir babba. A wanke shi, a shanya. A duba bakinsa. Idan yana da kaifi, a daddanne shi da guduma ko dutse har ya kwanta.

A zagaya cikinsa da tef a san awonsa, a ƙara inci 1. A yanki farin ƙyalle ko farar takarda daidai wannan awo, a shafa gam ko ƙaro, a lulluɓe gwangwanin. Sai a ɗaura masa ribom layi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Yadi 1 zai isa ga gwangwani madaidaici.

A zuba yashi ya kusa cika. Yashin ne zai ba shi nauyi don iska kada ta kayar da shi, shi ne kuma zai riƙe furanni. A ɗauko fure uku da suka rage. A ɗinka wa kowane ɗan ƙyalle a bayansa kamar aljihu, a bar ƙofa ta ƙasa, a zura tsinke a ciki. A kafa tsinkayen cikin yashi, ɗaya dogo a tsakiya, biyu gajeru a gefe. Kada tsawon duka ya wuce kamu ɗaya, don kada ya kare fuskar waɗanda ke zaune.

Idan Babu Tebur Fa?

Ba kowane gida ke da tebur ba, kuma ba dole ba ne. A kan tabarma muka gaji yin biki. Wannan kwalliya tana shiga can ma. A ɗinka fure ɗaya a tsakiyar faifan da za a rufe goro ko dabino. A zagaya bakin tire da ribom, a ƙulle da ɗaurin malam-buɗe-littafi. A ɗaure wuyan kwallar cincin ko ta dubulan ɗin amarya. Lanƙwasar nan kuma ana iya yi wa bakin kabad ɗin jere, ko saman ƙofar ɗaki. Da yadi 2 ko 3 ma sai wuri ya canza.

Lissafin Kasuwa

Yanzu sai mu tara abin da muka rubuta:

Lanƙwasa: yadi 6
Furanni: yadi 3
Ɗaurin kusurwa: yadi 3
Gwangwani: yadi 1
Jimla: yadi 13

A raba su launi biyu. Lanƙwasa da gwangwani launi ɗaya, yadi 7. Furanni da ɗauri ɗaya launin, yadi 6.

Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa. Ku tambayi shago biyu ko uku kafin ku saya. Don koyon lissafi kawai, mu ce yadi ɗaya Naira 100 ne. Yadi 13 zai kama Naira 1,300.

Sayen naɗi guda ya fi sayen yadi-yadi sauƙi. Akan rubuta tsawon ribom a jikin naɗin. Ku karanta lambar, ku duba ko yadi aka rubuta ko mita, domin mita ta ɗan fi yadi tsawo. 'Yan aji ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi naɗi biyu su raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Kula Da Lafiya

Rigakafi ya fi magani. Gidan biki cike yake da yara, kuma hankalin manya yakan rabu.

Wuta. Kada a ajiye kyandir, ko fitilar ƙwai, ko kaskon turaren wuta a kan teburin da aka yi wa wannan kwalliya, ko kusa da shi. Narkakken ribom yana manne wa fata. Idan wani ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja, ko man goge baki, ko ƙwai, ko toka. Kada a ɓamɓare abin da ya manne. A rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti.

Fil da maɓalli. Ƙaramin yaro duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Ku yi amfani da fil mai kulle kaɗai. Ku ƙirga su lokacin sawa, ku ƙirga lokacin cirewa. Kun sa 12, ku cire 12. Allura kuma a soke ta a ƙyalle da an gama aiki. Idan yaro ya haɗiye fil ko allura, kada a sa shi amai, kada a zura masa yatsa a maƙogwaro. A garzaya da shi asibiti.

Dogon ribom. Kada a bar wa yara su yi wasa da shi. Yana iya naɗe wuyan yaro ya shaƙe shi.

Abu mai zafi. Yaro mai rarrafe yakan kama mayafin tebur ya miƙe. Idan akwai butar shayi ko kwanon miya a kai, sai ya kwaro wa kansa. Abu mai zafi a ajiye shi wani wuri dabam.

Abinci. Kada ribom ya taɓa abin da za a ci. Goro da dabino da alawa a zuba su a faranti, a rufe saboda ƙuda da ƙura.

Dabbobi. A tsince guntayen ribom da zare da leda bayan an gama. Akuya da tunkiya da saniya suna haɗiye su. Cikinsu ba ya narkar da roba. Sai ta taru a tumbi, dabba ta daina cin abinci, ta rame, wani lokaci har ta mutu. Kada kwalliyar yini ɗaya ta ci muku akuya.

Ajiya Bayan Biki

Ribar wannan aiki tana wurin ajiya. Kayan da aka adana da kyau za su yi biki da yawa.

A cire fil a hankali, kada a fizga. Abin da ya yi datti a wanke shi da hannu, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kowane launi dabam. Kada a murɗe shi wurin matsewa. A shanya a inuwa, domin rana tana kashe launi. In za a goge, a shimfiɗa ƙyallen auduga a kai, kuma a bar dutsen guga ya rage zafi tukuna. Dogon ribom a naɗe shi a jikin kwali. Furanni a jera su cikin kwalla mai murfi, inda ɓera da gara da laima ba za su kai gare su ba. A rubuta yawan kayan a takarda a saka a ciki.

Sana'a Ce

Wadda ta iya wannan aiki ta sami abin yi tana cikin gidanta. Maƙwabta za su nemi ta yi musu, ko ta ba su haya. Makarantar gari ma takan nemi a ƙawata tebur ranar ba da kyaututtuka.

Ga misali. Mu ce an sayi ribom na Naira 1,300, da zare da fil na Naira 200, da farin yadi na Naira 2,000. Jari ya kama Naira 3,500. Idan ana ba da haya Naira 700 a kowane biki, bayan biki 5 jari ya dawo. Daga na shida sai riba. Amma a riƙa ware wani abu na sabulu da na sauya abin da ya lalace. A rubuta sunan wanda ya karɓi kaya, da ranar, da yawan abin da ya karɓa. A ƙirga a gabansa ranar bayarwa da ranar dawowa. Rubutu yana hana gardama tsakanin maƙwabta.

Kada a bar aikin sai ranar biki. Furanni da ɗauri a gama su tun da sauran kwana uku. Ranar biki da sassafe sai shimfiɗa da maƙalawa kawai.

Sababbin Kalmomi

Ku karanta, ku kwafa a littafinku: ribom, inci, yadi, zagaye, lanƙwasa, tattara, kusurwa, jimla, jari, riba.

Tambayoyi

1. Inci nawa ne a yadi 1? Inci nawa ne a rabin yadi?
2. Tebur yana da tsawon inci 60 da faɗin inci 30. Inci nawa ne zagayensa? Yadi nawa ke nan?
3. Ana son fure 10, kowane rabin yadi. Yadi nawa za a saya?
4. Idan yadi ɗaya Naira 120 ne, nawa ne kuɗin yadi 13?
5. Yaya ake gane ribom mai zuba?
6. Me ya sa ba a ajiye kaskon turaren wuta kusa da ribom?
7. Me za a fara yi wa wanda ya ƙone?

Aikin Gida

Ku auna tebur, ko benci, ko akwatin da ke gidanku. Ku rubuta tsawonsa da faɗinsa, ku fitar da zagayensa. Sannan kowa ya yi fure ɗaya da tsohon ƙyalle, ya kai wa malamin aji ya duba. Malamai kuma muna roƙonku ku karanta wannan darasi tare da ɗalibai, ku gwada awon a kan teburin aji kowa yana gani.

Allah ya sa albarka a bukukuwanmu, ya raya abin da aka haifa, ya ba ma'aurata zaman lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.